Jan Ƙyalle a Madubin Ilyasu

Shekara tara Ilyasu ya yi yana fasa-ƙwaurin fetur daga Jibiya a bayan tsohuwar motarsa, kuma bai taɓa bin shingen jandarma da son ransa ba. Duk da haka, da likitan Madarunfa ya roƙi masu mota su riƙa ɗauko marasa lafiya daga ƙauye, tunda motar asibiti guda ce, Ilyasu ya ba da sunansa. Sharaɗin ba wuya. A ɗaura jan ƙyalle a madubi, a kunna fitila ko da rana tsaka, a sassauta gudu cikin gari. Wanda ya yi haka, jandarma za su ɗaga masa sandar shinge ba tambaya.

Wata Alhamis da hantsi, cikin damina, kububuwa ta sari wani manomi mai suna Abarshi a gonarsa ta gero a ƙauyen Gabi. Aka kwantar da shi a bayan motar Ilyasu, matarsa Inde ta tallafe kansa. Kafin su bar gari ƙafar ta kumbura har gwiwa.

Ilyasu ya ɗaura ƙyalle, ya kunna fitila, ya kama hanya. Komai lafiya, sai da ya hango shingen. Kafin zuciyarsa ta yi shawara, hannunsa ya riga ya karkata kan motar cikin 'yar hanyar dajin da ya saba kewayewa. Ba su yi nisa ba tayoyin baya suka nutse cikin laka.

Inde ta bubbuga rufin motar. "Malam direba, nan ne asibitin?"

Ilyasu ya fito ya leƙa baya. Abarshi ya tofar da miyau, Ilyasu ya ga jini a ciki.

Sai ga ƙarar babur. Shu'aibu ne, jandarman shingen.

"Ilyasu, jan ƙyalle nake gani ko idona ne?"

"Shef, wallahi hannu ne. Ya saba."

"Shekara tara ina jiranka, yau na ɗaga maka sanda tun daga nesa, ka tsere! Shiga ka ba ta wuta."

Shu'aibu ya ƙwala wa manoman gefen hanya kira. Suka jera rassa ƙarƙashin taya, suka sa kafaɗa, har da Inde. A turi na uku motar ta fito, ta wanke kakin jandarman da laka.

Suka komo kan babbar hanya, babur a gaba. Sandar tana nan a ɗage. Ilyasu ya damƙe sitiyari da hannu biyu, yana salati, ya wuce ta ƙarƙashinta.

A asibiti likita ya yi wa Abarshi allura, ya ce sun zo da sauran lokaci. Wajen la'asar Abarshi ya buɗe ido, ya tambaya wa zai ƙarasa masa noman.

Inde ta nuna Ilyasu da baki. "Ga wanda ya san hanyar daji nan."