Kunnen da Ya Rage wa Athol

A duk tsaunukan Burrindale, in aka ce mai kiran karnukan jeji, Athol Gillespie ake nufi, ba shi da na biyu. Mu da muka sha fari bakwai da gobarar daji uku a ƙasar nan muka fito da ƙafafunmu, ba kowa muke cire wa hula ba, amma shi muna cire masa. Bai yi boko ba, sunansa ma sai ya ciji leɓe yake iya zanawa. Amma bari ya hau dutse da sassafe, ya haɗa tafukansa a baki ya saki kuka irin nasu, sai ka ji kare ya amsa daga can bayan kwari. Daga amsar nan kaɗai zai gaya maka namiji ne ko mace, tsoho ne ko ɗan bana, da ta inda zai ɓullo. Sai ya gyara bindiga ya jira.

Shekara hamsin yana wannan aiki, kuma da kunnuwansa ya biya. Na hagu ne ya fara tafiya, kamar yadda yake tafiya ga duk mai harbi da hannun dama. Da 'yarsa Narelle ta ja shi wajen likitar kunne, matar ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba, na hagu ya mutu, ba ya dawowa. Na daman nan kuwa da zare ɗaya yake rataye. Ko harbi hamsin ya rage masa, ko ɗaya, ban sani ba."

Da a ce shi kaɗai ne, da dariya zai yi. Amma matarsa Merle ta sami shanyewar ɓarin jiki bara, muryarta ta koma kamar ta ɗan tsako. Shi ke ɗaga ta, shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci da cokali. In tana son ruwa ko bayi, sai ta kira, shi kuma sai ya karkato da kunnen dama ya kama kiran. Narelle ma'aikaciyar jinya ce a bakin teku, tafiyar awa biyar a mota, ba ta kuma iya zagaye-zagaye a magana ba.

"Baba, ran da Mama ta kira ka ba ka ji ba, ran nan zan ɗauke ta. Na riga na yi magana da gidan kula da tsofaffi. Gado ɗaya ne, nata. Kai sai ka zauna a ɗakin da ke ƙuryar gidana."

"Shekara hamsin da biyu ba mu raba ɗaki ba, sai ke da kika zo jiya?"

"To ka ajiye bindiga."

Ya ajiye kuwa, har wata takwas. Sai Satumba ya kama, tumaki suka fara haihuwa, wata tsohuwar karya mai jan gashi ta sauko daga tsauni. Ba ta cin nama mai guba, tarko kuma ta san shi tun ranar da ya cinye mata yatsu biyu. Ba don yunwa kaɗai take kisa ba. Takan farke ɗan rago ta cinye kitsen ƙoda, ta bar shi yana numfashi, ta wuce na gaba. Tunkiya ɗari da tamanin suka rage wa Athol bayan farin ƙarshe. In 'ya'yan bana suka ƙare, gonar ta ƙare, in gonar ta ƙare kuma, gadon nan guda na bakin teku ne dai ke jira. Gaba kura, baya siyaki.

Kada ka ce bai gwada dabara ba. Narelle ta sayo masa marufin kunne mai batir, wai yana shigo da ƙaramar ƙara ya tare babba. Ya sa, ya yi kira, karyar ta amsa, sai ya ji amsar tana zuwa daga gabas da yamma da cikin kansa. Ya gwada barin kunnen a buɗe, sai ta ɓullo sannan ya cusa abin toshewa. Sau uku yana ɗaga hannu, sau uku tana ganin motsin ta narke cikin ciyawa. Ya ɓoye maƙwabciyarsa Raelene Duggan da bindiga can nesa, shi ya yi kiran. Karyar ta zagayo ta ƙarƙashin iska, ta shaƙi warin mutum na biyu, ko haushi ba ta yi ba.

Abu ɗaya ya rage: takunkumin bindiga, bututun ƙarfen nan da ake murɗawa a bakinta ya rage ƙara. Sajan 'yan sandan garin ya taya shi cika takarda. Amsa ta dawo cewa sai mai sana'ar harbi da rajista ake ba wa, shi kuwa manomi ne a gonarsa.

A makon ne aka ce 'yan majalisa uku za su zauna a zauren taron garin su ji ra'ayin jama'a kan sassauta dokar. Athol ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita, ya bar Merle da matar fasto, ya shiga a-kori-kurar Raelene.

Zauren ya cika. An jera kofunan shayi a bayan ɗaki ba wanda ya taɓa. Manoma a gefe ɗaya, mutanen gari a ɗaya gefen, kamar bikin da dangi ba sa ga maciji. Athol yana ganin bakuna suna motsi, hannuwa suna tashi, amma abin da ke isowa gare shi kamar kukan ƙudan zuma ne a cikin tulu. Da aka kira sunansa sai da Raelene ta zungure shi da gwiwar hannu.

Shugaban zaman, wani mai farin tabarau, ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana harbi. Athol ya ga alamar tambaya ce ta lissafi, ya ɗauka tumaki ake nufi.

"Ɗari da tamanin, ranka ya daɗe! Amma karya ta ci sha tara."

Zaure ya kece da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Dama mun daɗe muna zargin ya kai haka!"

Raelene ta kafa baki a kunnensa na dama ta gaya masa abin da aka tambaya. Wuyansa ya yi ja. Ya juya ya dubi na bayan.

"Yi dariyarka, Col Hanrahan. Ran da karnuka suka shiga garkenka, da gajeren wando ka zo ƙofata kana kuka." Sannan ya juyo. "Ranka ya daɗe, kun ga abin da na zo nuna muku ke nan, ba sai na yi dogon bayani ba. Mutanen nan suna zaton in an sa wa bindiga takunkumi sai ta yi fuu kamar tusar jariri, don haka suke gani a talabijin. Ƙarya ne. Na harba irinta a New Zealand wajen ƙanin matata, can ba wanda ke ɗaga kai don ita. Ƙarar da ke saura ta fi ta injin yankan itace, za ta tashi mai barci a gona ta gaba. Wuƙar da ke cikin ƙarar kawai yake cirewa, wadda ke yanka kunne. Ni ba ɓarawo ba ne. Kunne ɗaya ya rage mini, matata kuma da shi take kirana."

Sai wata mata ta miƙe daga ɓangaren mutanen gari, Shona Pappas, mai kula da gidan da matan da suka gudo daga duka ke fakewa. Ba ta ɗaga murya ba, don haka Raelene ce ta riƙa zuba masa maganar a kunne.

"Baba, ban zo in yi maka dariya ba. Yayata tana gona irin taka. Ranar da mijinta ya ɗauko bindiga, harbin farko a rufin ɗaki ya yi. Maƙwabcinsu na gyaran shinge a kilomita biyu, ya ji, ya kira 'yan sanda. Shi ya sa take raye. Kai ka san abin nan, ni ban sani ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah: da akwai takunkumi, zai ji?"

Manoma duk suka zuba masa ido. Kalma ɗaya suke so ya faɗa. Athol ya san kalmar, tana kan harshensa. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin yana auna ƙara da nisa ba ya iya ƙarya a kan wannan.

"Daga kilomita ɗaya zai ji, 'yata. Daga biyu kuwa, sai yadda iska ta so."

Ta gyaɗa kai ta zauna. Col ya buga hularsa a gwiwa. Mai tabarau ya rubuta wani abu, ya gode wa kowa, ya ce za su miƙa rahotonsu a watan Afrilu.

"Me ya ce?"

"Afrilu, Baba Athol!"

"Afrilu? Ranka ya daɗe, yanzu tumakina ke haihuwa! Karyar ba ta san Afrilu ba!"

Amma an riga an fara ja da kujeru, an nufi shayi.

A hanyar gida Raelene ta ce, "Da ka ce zai ji kawai, tsoho, wa zai auna?" Ko ya ji ta ko bai ji ba, hanya kawai ya ci gaba da kallo.

Kwana biyu bayan haka ya fita da safe ya tarar da 'ya'yan tumaki goma sha ɗaya zube a bakin madatsar ruwa. Huɗu suna da sauran rai, hanjinsu a ƙasa. Da wuƙa ya ƙarasa su, don ko wannan harbin ba shi da halin yi. Uwayen suna tsaye suna kuka, nono na zuba. Ya dawo gida ya wanke hannu, ya dama wa Merle hatsi da madara. Ta dube shi da idon nan nata mai rai.

"Nawa?" ta ce.

Ya ji ta. Sarai kuwa, kuma ya san harbi ɗaya na iya raba shi da wannan muryar.

Washegari, gari na fara wayewa, ya juya ta a gado, ya ajiye mata ruwa kusa da hannun da ke aiki, ya ɗauki bindiga. Ya hau kwazazzabon da ke bayan madatsar, ya zauna tsakanin duwatsu biyu inda iska ke bugun fuskarsa. Abin toshe kunne yana aljihun gabansa. Ya haɗa tafuka ya saki kukan namiji mai neman abokiya, ya ja shi dogo, ya karya shi a ƙarshe yadda ba wanda ya iya sai shi.

Shiru. Sannan ta amsa, ta dama, kusa.

Bai motsa ba. Ta ɓullo daga bayan wani kututture, taku arba'in, tana ɗingishi, bakinta da jini. Ta tsaya ta ɗaga hanci. Bindigar na kan gwiwarsa, bakinta ya riga ya dube ta. Tsakanin hannunsa da aljihu taƙi ɗaya ne, kuma ya san abin da zai faru in ya ɗaga shi, ya gani sau uku. Ya tuna tumaki. Ya tuna ɗakin ƙuryar gidan Narelle. Ya ce a ransa, likita ta ce wataƙila hamsin.

Ya danna kunamar bindiga, kunne a buɗe.

Ta faɗi ta miƙe tana jan ƙugu, sai da ya ƙara mata na biyu. Duwatsun nan biyu suka kama ƙarar suka mayar masa da ita cikin kai. Ya ga tsuntsaye sun tashi daga bishiya, fararen aku masu ihun tsiya, bakunansu a buɗe. Bai ji ko ɗaya ba. Wani siririn fito ne kawai, kamar an bar buta a kan wuta a cikin ƙwaƙwalwarsa.

Ya ce zai wuce zuwa rana. Bai wuce ba. Ya ce zuwa gobe. Ya tafa hannu kusa da kunnen, ya buga murfin tukunya, ya kira sunan kansa da ƙarfi. A rana ta biyu ya shigo daga waje ya tarar da Merle ta jiƙa shimfiɗa, fuskarta sharkaf da hawaye, bakinta na ta maimaita sunansa. Bai san tun yaushe take kira ba.

Ya wanke ta, ya sauya zanin gado. Sannan ya je rumfa ya warware igiyar ɗaurin ciyawa, ya auna ta daga gado zuwa murhu, daga murhu zuwa baranda. Ya ɗaura baki ɗaya a hannunta mai lafiya, ya sa tsumma a ƙasa don kada ta ci mata fata, ɗaya bakin a nasa.

"Ja mu gani, tsohuwa."

Ta ja. Ya ji har kafaɗa.

"Yauwa! Wa ya ce sai da kunne? Bakinki alaikum dai in yarinyar nan ta zo."

Ran Lahadi Narelle ta iso da hantsi. Athol yana tsaye a gaban murhu, ya ba ƙofa baya, yana juya miya. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Baba, sannu da gida."

Ya ci gaba da juya miya.

"Baba."

Ta ajiye jakar. Ta matso har tana iya taɓa rigarsa, ta karkata ta ɓangaren dama, ta kira da dukkan muryarta. Cokali na ta zagaya tukunya.

Daga cikin ɗaki Merle tana hango su ta ƙofar da ke buɗe. Ta tattara ƙarfinta ta fizgi igiyar, ko za ta cece shi. Athol ya juyo da sauri zai nufi ɗaki, sai ya yi kiciɓis da 'yarsa.

"A'a, 'yar Baba! Tun daga kan gada na ji motarki," ya ce, da murya mai cika gida.

Narelle ba fuskarsa take kallo ba. Idonta ya bi igiyar daga hannunsa, ta ƙasan tebur, har bakin gadon uwarta. Ta ce wani abu. Ya zuba wa leɓunanta ido, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, bai san da abin da ya yarda ba.