Huda Biyu a Igiyar Sajan

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don Gwaggo Noeline tana karanta duk takardar da ta gani a gidan.

Ni ke kula da Sajan, ɗan dokinta da tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Ita ke hawa keken da yake ja ranar gasa, da malafa mai faɗin faranti. A baje kolin garinmu na bana ta sa masa sabon linzami, ta ɗaure igiyar ɗage kai tam, wai doki mai daraja ba ya kallon ƙasa. Da na je gyara masa geza sai na ga jini a gefen bakinsa.

Na so in yi magana, amma don tsananin kunya ko a kanti nuni nake yi da yatsa. Kuma ta sha faɗa min ranar da na taɓa mata kayan doki, ranar zan koma wankin kwanoni a mashaya. Na jira ta juya tana shafa jan baki, na sassauta igiyar da huda biyu.

Zagaye ɗaya suka yi lafiya. A na biyu Sajan ya gane wuyansa ya samu 'yanci. Ya tsaya cak gaban alƙali, ya dasa baki a ciyawa. Gwaggo tana ja tana kiransa ɗan banza, shi yana kiwo. Wani daga bayan shinge ya ce a bar shi ya gama, filin na bukatar aski.

Alƙalin, tsoho Mista Clive Pettigrew, ya durƙusa ya buɗe bakin dokin. Ya ce linzamin ya yi masa faɗi, yana zamewa yana cizon fata, kuma da igiyar na ɗaure tam da bakin ya yage.

"Wa ya sassauta ta? Mai hankali ne."

Na kafe ido kan takalmina.

"Ni ce mana," in ji Gwaggo, tana gyara malafa. "Shekara talatin ina wannan harka, Clive."

Na ƙarshe muka zo. A mota, da muka kusa gida, ta ce min:

"Merrin, 'yar nema, gobe ki nemo masa linzamin da ya dace."

Washegari na auna bakin Sajan da zare, na tafi shagon sirdi. Na ajiye zaren kan tebur, na faɗi abin da nake so da bakina.