Velayudhan Ya Ari Jikin Iska

A ƙauyenmu na gefen Palakkad, in aka ce biki ya yi kyau, ba amarya ake nufi ba, payasam ake nufi. In kuwa aka ce payasam, to an kira sunan Velayudhan. Madara ce da shinkafa da sukari, kowa ya san wannan, amma shi kaɗai ke iya tsayawa kan tukunyar tagulla tun safe, yana juyawa yana ɗanɗanawa har madarar ta yi ja-ja. Ɗanɗanon nan na shekara da shekaru bai tafi a banza ba, duk ya taru a gaba, har zanen da yake ɗaurawa ya fara kasa zagaye shi.

Daminar bana ta zo masa da tari da nauyin ƙirji. Matarsa Tankamani, wadda ba ta faɗin magana sau biyu, ta ajiye masa shayi ba sukari ta kira shi yadda matan ƙauyenmu ke kiran miji, ta ce, "Cetta, jibi za mu wurin mai maganin gargajiya, Vaidyar Bargavi. In ta ce jikin ruwa gare ka, kai da madara da sukari sai a mafarki. Payasam na bikin Ambili kuma ƙanena Sasi zai dafa."

"Sasi? Wanda ko ruwan wanka ya ɗora sai ya ƙone?"

"Shi fa. Gara a sha ƙonanne da in yi takaba."

Ambili ce autarsu, bikinta watan gobe. Babu 'yar da aka aurar a ƙauyen nan da bai dafa mata ba, ga shi an zo kan tasa ana neman ƙwace masa muciya. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Kuma ya san mai dahuwar da ba ya ɗanɗanawa sunansa mai hura wuta.

Tun muna yara muka san jiki iri uku ne: vata jikin iska, pitta jikin wuta, kapha jikin ruwa. Mai jikin ruwa ake hana zaƙi da maiƙo. Ba a taɓa duba Velayudhan ba, amma ko makaho ya shafa shi ya san inda ya faɗa. Don haka da yamma ya lallaɓa rumfar mai shayi ya samu abokinsa Kuttappan mai keke mai ƙafa uku, siriri kamar sillen kara, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya.

Kuttappan ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, tulu, ai da sauƙi. Ni da ta duba ni ta ce jikin iska gare ni, sai ta ce in sha madara, in ci man shanu, in ci zaƙi. Umarnin mai magani fa! Kai ma ka zama ni kawai."

"Da wannan cikin?"

"Ka ce kumburi ne. Saurara, tsohuwar nan ba a hannu take fara dubawa ba. Shanya mutum take a baranda tana leƙensa ta taga. Mai wuta zai fara faɗa, mai iska zai yi ta safa da marwa, mai ruwa kuwa ya baje. To kar ka kuskura ka zauna. Ka yi ta zagaye, ka yi ta surutu, ka ƙwanƙwasa yatsu. In ta tambaye ka barci, ka ce rabonka da shi tun bara. In ta ce mafarki, ka ce tashi sama kake yi."

Nan ya sa shi gwaji a gaban mai shayi. Velayudhan ya je ya dawo, ya je ya dawo, katakon rumfar yana kuka.

"Da sauri mana! Iska na ce, ba giwar haikali ba!"

Ranar zuwa suka isa da hantsi. Gidan Vaidyar Bargavi tsohon gida ne mai rufin jan tayil, baranda tana ƙamshin tafasasshen mai da saiwoyi. Aka ce su jira. Tankamani ta zauna a kan benci, shi kuwa ya kama aiki. Ya tafi ƙarshen baranda ya dawo, ya ƙwanƙwasa yatsu, ya yi wa ginshiƙi bayanin tsadar kwakwa, ya tambayi wata kyanwa ko ta ga an yi ruwa jiya.

"Cetta, fitsari kake ji?"

"A'a, haka nake. Ba na iya zama."

"Tun yaushe? Kai da sai an ɗaga ƙafarka ake share ƙarƙashinka?"

Bai kula ta ba, ya ci gaba. Rana ta ɗaga, ba a kira su ba. Tankamani ta fara tsaki, ta tashi ta buga ƙofa, ta ce ita fa ta bar wanki a jiƙe, kuma ba kyauta aka ce za a duba su ba. Shi kuma gwiwoyinsa suka fara kai ƙara. Sai ga hadari ya haɗo, ruwa ya sauko a kan rufin, irin mai sanyin nan da ba ya sauri ba ya tsayawa. Velayudhan ya dubi bencin. Ya ce a ransa, zama kaɗan dai ba zai ɓata komai ba, ya ɗan huta ya tashi da sabon ƙarfi. Barci kuwa ɓarawo ne.

Da ya buɗe ido, ruwa ya ɗauke, kyanwar nan tana kwance a kan cikinsa tana hawa tana sauka. Wata 'yar tsohuwa mai farin zane da furfura tana tsaye a kansa tana murmushi, Tankamani a bayanta ta rufe fuska don kunya.

"Sannu da aiki," in ji Vaidyar. "Na gama da matarka tuni. Mun so tashinka, sai muka ga kyanwa ba ta gama ba."

Ta kama wuyan hannunsa da yatsu uku, ta sa ya fito da harshe, ta leƙa idonsa.

"Yaya barci?"

Don ƙarfin hali ya ce, "Rabona da shi tun bara."

Dariya ta ƙwace wa tsohuwar har sai da ta dafa ginshiƙi. "Kuttappan ne ya koya maka, ko? Kai ne na biyu da ya aiko mini. Wancan ya ma fi ka daɗewa a tsaye."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Velayudhan ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. "Mama, ba kwaɗayi ba ne. To, da kwaɗayin kaɗan. Autata ce za ta tafi. Ina so abu na ƙarshe da za ta sha a gidan ubanta ya fito daga hannuna. In kika hana ni ɗanɗano, kin hana ni dafawa."

Vaidyar ta zauna kusa da shi. "Jikin ruwa gare ka, da shi aka haife ka, kuma ba cuta ba ne. Kana tsammanin mai jikin iska zai iya wuni kan tukunya ɗaya? Ruwan ne dai ya yi yawa, za mu rage. Citta da barkono da zuma, tafiya kowace safiya, ba barcin rana. Madara da sukari kuwa, ko a kan yatsa ban yarda ba."

Velayudhan ya dafe kai.

"Amma ga wannan," ta nuna Tankamani da haɓa. "Wuta ce zalla, ta kusa ɓalle mini ƙofa. Ita na hana yaji da tsami, na rubuta mata madara da ɗan zaƙi ko ta huce. Kai kana da hannu, ita tana da harshe. Ka dafa ta ɗanɗana."

"Ni?" in ji Tankamani. "Ina ruwana da tukunyarsa?"

"Maganinki ne, ba nasa ba. Ko za ki ƙi maganar mai magani, ke da kika jawo shi nan?"

A karo na farko a tarihin ƙauyenmu, Tankamani ta bi maganar wani ba gardama.

Ranar biki da sassafe aka hura wuta a bayan gida. Velayudhan, wanda tarinsa ya lafa, yana juya madara da muciya mai tsawon mutum, Tankamani tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da cokali a hannu kamar alƙali.

"Sukari bai ji ba." Ya ƙara. "Ka cika wuta." Ya rage. "Sasi da tuni ya gama."

"Da tuni ya gama da mu," in ji shi.

Da madarar ta yi ja-ja, ƙamshi ya kai har rumfar baƙi, ya ɗebo ya miƙa mata. Ta hura, ta kai baki. Ta tsura wa cokalin ido.

"Ya ƙone ne?"

Ta girgiza kai. "Duk bikin da ka yi, ni ina can ina rabo a kan ganyen ayaba. Sai kowa ya watse nake kankare gindin tukunya, ya huce ya daskare. Ban taɓa sanin haka yake da zafinsa ba."

Shi ma bai taɓa lura ba, kunya da tausayi suka rufe shi lokaci guda. Ya ɗauko kwano ya cika mata.

Ta share ido da gefen zanenta na sari, ta harare shi. "Me kake kallo? Juya mana, kar ya kama! Kuma kafin a kai wa kowa, ka zuba wa Ambili nata, yanzu, da zafinsa. Da kanka za ka kai mata."