Ranar da Sallau ya daka wa surukarsa tsawa

Duk Malanville babu wanda ya kai Sallau kunyar suruka. Tun da ya auri Zuhura bai taɓa yarda ido ya haɗu da na uwarta, Inna Sabuwa, ba. In ya hango ta a kasuwa sai ya ratse layin masu albasa, ko da ba albasa ya fito saye ba. Abokansa direbobi suna yi masa dariya, shi kuwa yana jin kansa ɗan mutunci.

Sana'arsa jigila ce da tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga taɓo da rairayi. Yana son motar, sai dai son bai kai ga gyara ba. An jima birkinta yana laushi, in ka taka kamar ka taka danƙo. Makanikensa Abdoulrazak ya faɗa masa iska ce ta shiga, ya kawo a fitar da ita. Sallau ya ce gobe. Goben direba kuwa ba ta zuwa.

Ana haka wata safiya ta damina naƙuda ta kama Zuhura. Cikin fari ne, kuma ungozomar asibiti ta hana ta komawa gida goyon ciki saboda kumburin ƙafa. Da za a shiga da ita ɗakin haihuwa ta riƙe hannun rigarsa.

"Ka kawo mini Inna. Ban so in haihu ba ta nan."

Ya tafi ƙauyensu Zuhura, Toumboutou, a guje, ya durƙusa daga nesa, ya sa aka faɗa wa Inna. Ta fito da ƙunshinta da kwanon yaji, ta shige kujerar baya, ta ja mayafi. Suka kama hanya.

Sun ƙetare wani kwari mai ruwa ke nan, Sallau ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Motar ba ta ko nuna ta ji ba. Da birkin hannu da ikon Allah ya tsaya a gindin wata tsamiya. Da ya leƙa ƙarƙashi sai ya ga wani icce ya bugi bututun baya, mahaɗar ta sassauce, man birki yana ɗiga. Ya ɗaure ta, ya ɗauko 'yar kwalbar man da yake ajiyewa, ya cika. Ya taka, fanko. Iska ta cika bututun, ga shi a gaba hanyar ta bi ta kan gaɓar gonakin shinkafa, siririya, ruwa dama ruwa hagu.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ya yi ta taka birki, sannan ya danne ya riƙe. Ɗayan yana kwance ƙarƙashi, ya kwance wani ɗan nonon ƙarfe da ke jikin taya iska ta fita, ya ɗaure, sannan na sama ya saki. In ya saki kafin a ɗaure, iskar ta koma ciki. Kuma na ƙasa ne mai ba da umarni.

Sallau ya dubi gabas ya dubi yamma. Ranar kasuwa ce, masu tafiya sun wuce tun da sassafe. Ya kira Abdoulrazak, waya ba ta shiga. Mutum na biyu yana nan zaune cikin motar, amma ina! Ya ce wa surukarsa ta taka? Gara ya jira. Ya buɗe gaban mota yana taɓa abin da bai lalace ba, ya zagaya, ya dawo, yana fatan ko ɗan kabu-kabu ya ɓullo. Inuwar tsamiya ta tashi daga kan motar ta koma gefe, shi yana nan yana goge hannu.

"Wai mi muke jira?" Inna ta tambaya, fuskarta na kallon taga.

Ya bayyana mata, yana magana da tayar mota. Ta fito, ta tuɓe takalmi, ta hau kujerar direba. Sallau ya shige ƙarƙashi da sifana, yana godiya da ya sami wurin ɓuya.

"Inna, in Allah ya sa ba takura, ko za a ɗan taimaka a taka wanga na tsakiya."

Ta taka.

"To, in da hali, don girman Allah, a ɗan daure kada a…"

Kafin ya kai ƙarshen ladabinsa ta saki. Mai ya tsiyaye a ƙasa, iska ta koma. Suka sake, haka. Suka kuma, haka. Ya fito ya ɗaga kwalbar, saura kaɗan a gindi. Gumi ya keto masa, kunya ta rufe shi, don ya san ba laifinta ba ne.

Sai Inna ta yaye mayafi ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kai yaro, ɗiyata tana can bisa gwiwa, kai kana nan kana yi mini wa'azi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yadda kake hwaɗa ma yaran gareji, haka za ka hwaɗa mini."

Ya koma ƙarƙashi, ya runtse ido.

"Taka! Taka! Riƙe!"

Ya kwance, nonon ya yi tsartuwar kumfa.

"Kada ki saki! Na ce riƙe! To, saki!"

Muryarsa ta cika dajin, shi kansa ya tsorata da ita. Suka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, har kumfa ta ƙare mai ya fito sumul.

"Ya yi tauri," in ji Inna. Ta sa takalminta, ta koma baya, ta ja mayafi. Aikin duka bai kai lokacin dafa shayi ba.

Da suka isa asibiti, tun daga baranda suka ji kukan jariri. Wata maƙwabciya ta tare su, ta ce namiji ne, an sha wuya amma an sauka lafiya, kuma ba a daɗe ba. Ta ce Zuhura ta yi ta kiran uwarta har muryarta ta dishe.

Inna ta shiga. Sallau ya tsaya bakin ƙofa, rigarsa duk taɓo. Ya ji muryar Zuhura, a shaƙe, tana kuka.

"Inna, mi ya tsai da ku? Na yi ta dubin ƙohwa."

Sallau ya san tsawon zaman da suka yi a gindin tsamiya, ya san kuma Inna ta sani.

"Birki ya ɓaci," in ji Inna. "Mijinki ya yi ta hwama. Ni ce ƙahwata ba ta da ƙarhi, na ɓata mashi lokaci."

Sallau ya zame ya tsuguna a jikin bango. Aka leƙo aka ce ya shigo ya ga ɗansa, ya kasa tashi.