Muryar Bunsuru

"Danna mana," in ji Mzee Chaurembo daga kan katifa. "Ko sai na tashi na danna maka?"

Shomari ya danna. Finafinan zane ɗari da sha biyu, aikin shekara shida, suka ɓace daga shafinsa na intanet. Ya juya wa tsohon fuskar kwamfutar don ya gani da idonsa.

Ni aka kira shaida, saboda ɗakina ne ke jikin na tsohon a gidan hayarmu na unguwar Buguruni, kuma ni tela ne, kullum ina zaune. Shomari ke zana finafinan, 'yan minti uku-uku, Mzee Chaurembo kuwa shi ne muryar Bunsuru, wani ɗan akuya mai hula da ba ya ganin matar maƙwabci ya kau da kai. Batsa ce tsagwaronta. Ban ce ba na kallo ba, nakan dai rage sauti in yara na kusa.

Tun da likita ya sallamo Mzee Chaurembo da ciwon hanta, ya ce a koma gida a yi ta addu'a, abu ɗaya ya tsaya wa tsohon a rai. Ya ji wani malami na cewa yadda rijiya ke kai wa wanda ya haƙa ta lada har kabari, haka abin banzan da mutum ya bari ke bin sa da zunubi muddin ana amfani da shi. Mutuwar kanta ba ta firgita shi kamar wannan ba.

"Duk wanda ya yi dariya bayan na tafi, bulala ɗaya ke nan a jikina," ya ce.

"Da kake zuba wa na'ura bakin nan kana dawowa da kifi a leda, ai ba ka tuna kabari ba," in ji matarsa, Bi Mwanaidi, tana matse tsumma a kwano.

"Ke ma kin ci kifin."

"Na ci. Ban dai yi kukan akuya ba."

Bayan Shomari ya naɗe wayoyinsa ya fita ba sallama, tsohon ya yafito ni.

"Tela, kai ba ka ƙarya sai a kan ranar gama ɗinki. Zaga gari ka dubo min ko ya rage a wani wuri."

Na zaga. A shagon farko na bakin titi, inda ake tura wa mutane finafinai a waya, mai shagon ya nuna min su cif, har da waɗanda Shomari ya manta ya yi. A motar haya mai zuwa kasuwar Kariakoo ma Bunsuru ne a talabijin ɗin da ke bayan direba, mata na toshe baki da gyale, kafaɗunsu na rawa. Ban ƙara gaba ba, na sauka na dawo da ƙafa.

"Yaya?" ya tambaye ni.

"An share, Mzee. Ko'ina babu."

Ya daɗe yana kallona. "Ba irin ta 'rigarka sai Juma'a' ba ce?"

"A'a, wannan ta gaske ce."

Ranar ya sha kunu rabin kofi, bayan kwana uku bai sa komai a baki ba. Na ji kunyar kaina, amma ban yi nadama ba. Da safiyar Laraba ya cika, matarsa na shara a tsakar gida.

Bayan la'asar muka ɗauko shi. Da muka iso inuwar 'yan acaɓa, duk suka miƙe kamar yadda aka saba, kowa ya zo ya sa kafaɗa ya taka da makara taku kaɗan. Ɗayansu ya cusa wayarsa a aljihu cikin sauri, bai kashe abin da yake kallo ba, ya karɓi gurbin da ke gabana. Daga aljihun nan, ƙasa-ƙasa, Bunsuru ke tambayar wata mata ko maigidanta ya tafi kamun kifi, kuma yaushe zai dawo.

Wani a bayana ya yi dariya ta hanci, ya haɗiye, ya koma kan kalmar shahada. Hannuwana biyu na riƙe da makara. Haka muka taka, Mzee Chaurembo a kafaɗunmu yana shiru, muryarsa a aljihun wani tana magana, har muka sha kwanar maƙabarta.