Ƙirjin Mai Haƙuri

Bayan sallar isha, Baba Jiniya yana kishingiɗe a ƙofar ɗakinsa sai ya ji wani sauti daga ɗakin ajiya: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya san sautin kamar yadda ya san tarin matarsa Inna. Ƙirjin Mai Haƙuri ne. Amma yau ya ji shi wani iri, ba nauyi, kamar wanda ake yi wa cakulkuli.

Mai Haƙuri mutum-mutumi ne na roba, daga kai zuwa ƙugu, ba hannu ba ƙafa. Ranar da Baba ya yi ritaya daga aikin motar ɗaukar marasa lafiya, abokan aikinsa agogon bango aka ba su, shi kuwa ya roƙi a bar masa wannan. A kansa ya shekara goma sha tara yana koya wa masu shirin jarrabawar aikin agajin gaggawa yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Idan dannar ta kai zurfin da ake so, wani ƙarfe a ciki ya ce ƙwas. Idan bai ce ba, Baba ya cire hula.

"Ka kashe shi. Je ka yi wa Inna ta'aziyya."

Haka ƙato mai gemu zai tafi bakin murhu ya durƙusa, Inna ta ce, "Allah ya jiƙansa, yau mutuwarsa ta tara ke nan," tsakar gida ta ɓarke da dariya. A wancan zamanin takalman ɗalibai har bakin titi suke kaiwa. Yanzu duk sun koma sababbin makarantu, inda mutum-mutumin ke kunna fitila. Ɗaliba ɗaya ta rage masa, Auta, 'yar ƙanwarsa. Sau biyu tana cin jarrabawar rubutu tana faɗuwa a ta gwaji. Sau uku ake ba mutum dama, ta ukun kuwa gata ce.

Ya shiga ɗakin ajiyar, ya same ta durƙushe tana dannawa tana ƙirgawa.

"Kawu, ka ji dai da kunnenka. Talatin cif, ko ɗaya bai yi shiru ba. Amma can sai su ce dannata ba ta da zurfi. Wallahi matar nan mai tabarau da ke yi mana gwajin tsanata ta yi."

"Matsa, uwata."

Baba ya ɗora yatsu biyu kawai a ƙirjin, ya ɗan taɓa. Ƙwas. Ya sake taɓawa da yatsa ɗaya. Ƙwas.

Da can sai ka miƙe gwiwar hannu ka saki nauyin kafaɗunka kafin wannan ƙirji ya amsa. Ya ɗauko sukudireba ya buɗe bayan robar. Sifirin ɗin ciki ya kwanta, ya lanƙwashe kamar bayan mai shi.

"Mai tabarau ba ta tsane ki ba," in ji shi. "Mu biyu muka tsufa, muka yi ta ce miki daidai ne."

Da safe ya rungumi Mai Haƙuri zuwa rumfar maƙwabcinsa bakanike, mai gyaran babura.

"A'a, Baba, yau gawar da kanta aka kawo? Ni fa ba na duba marar taya."

"Rage surutu ka samo mini sifirin mai taurin kai irin naka."

Bakanike ya tono wani daga tarkacen babur, ya yanke, ya gwada. Sai ya ɗaga kai.

"Zai shiga, amma sai na cire ɗan ƙarfen nan mai ƙara. Tsatsa ta cinye shi, in ya fita ba ya komawa. Ka yarda?"

Baba ya dubi ƙarfen. Bai fi farce ba, amma shi ya yi ta amsa wa hannuwan ɗaruruwan yara. Ya tuna wani dogo da ya yi ta'aziyya sau goma sha ɗaya a yini guda, yau shi ne shugaban masu motar asibiti.

"Cire," ya ce.

Yinin nan da washegari Auta ta danna ƙirjin da ba ya amsawa. Baba ya kwanta rubda ciki a tabarma, ya tsayar da kwalin ashana a gefen ƙirjin, ido ɗaya a rufe.

"Sai ya nutse tsawon kwalin nan. Ƙara! Ba shafa shi za ki yi ba, ba mage ba ne."

"Kawu, hannuna zai tsinke! Ta yaya zan san ya kai in ba ƙara?"

"Mutum na gaskiya ma ba ya ƙara. Kafaɗarki za ta gaya miki."

Ta yi kuka, ta share, ta ci gaba. Kafin magariba ta biyu kwalin ashana ya daina ƙaryata ta.

Ranar jarrabawa da la'asar ta shigo da gudu, takardar cin jarrabawa a hannu, ta faɗa jikin Inna.

"Mai tabarau cewa ta yi wa ya koya mini? Na ce kawuna da kwalin ashana!"

Baba ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya mayar. Sannan ya fito da Mai Haƙuri ya jingine shi a bango, ya goge masa ƙura da hannun riga. Ya laluba aljihu, ɗan ƙarfen yana nan.

Bakanike ya leƙo yi musu barka, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi mutum-mutumin, ya dubi tsakar gidan da ba takalmin kowa.

"To Baba, yanzu da ya daina magana, wa zai riƙa zuwa yi wa Inna ta'aziyya?"

Inna ta ci gaba da hura wuta.