Kunnen Rago

A Rijiyar Ɗinya, idan rago ya shiga gida don suna ko layya, ba a tambayar wa zai yanka. Nababa ne. Wuƙar ta gado ce, daga hannun ubansa ta zo, kuma ko Malam Khalilu liman, idan ya gama raɗa wa jariri suna, sai ya ja da baya ya ce, "Nababa, bismillah." A ba shi wuyan rago ya kai gida, a haɗa masa da girman da ya fi wuyan auki. Shi ma ya san da haka, domin tafiyarsa kaɗai ta isa ta gaya maka.

Sai shekarun nan masu tsanani suka shigo. Mai ya tashi, taki ya gagari talaka, kwanon gero ya zama abin da ake tambayar farashinsa da ƙaramar murya. Masu haihuwa suka koma yin suna da dabino da goro, a ce rago sai Allah Ya hore. Wuyan rago ya ƙaurace wa gidan Nababa, wuyar rayuwa ta shigo ta shimfiɗa tabarma. Da rani ya tsaya, sai ya rataye wuƙarsa, ya hau motar Tsanyawa, ya sauka kasuwar hatsi ta Dawanau ya shiga dakon buhuna kamar kowa.

A can ne wasu samari 'yan birni, masu kyamara ɗaya da surutun mutum goma, suka ari wani sito da babu kaya a ciki za su yi fim na ban tsoro. Suna neman ƙato mai faɗin kafaɗa, sai suka ga Nababa ya tsinke igiyar buhu da yanka ɗaya. Suka ce aikin ba wuya, za a kifa masa buhu a ka mai huda biyu, a ba shi wuƙar gwangwani, ya riƙa bin mutane yana kamawa yana yankawa, jinin kuwa zoɓo ne. Tambaya ɗaya ya yi musu, ko za a ga fuskarsa. Suka ce ko matarsa ba za ta gane shi ba. Ya yi 'yan kwanaki yana yanka 'ya'yan mutane da gwangwani, ya koma gida da hatsin da ya kai iyalinsa bakin damina, bai gaya wa kowa ba. Bai kuma damu ba, don ya ga kyamarar, ya ga masu ita, ya tabbata wannan fim ko ƙofar Dawanau ba zai fita ba.

Ashe ya fita. Bayan kaka, Tasi'u mai cajin waya ya je Tsanyawa ranar kasuwa aka tura masa tarin finafinai, a cikinsu har da wani wai shi Mai Buhu, wanda ko mai turawar bai taɓa kallo ba. A makon ne kuma matar Sabo mai wake ta haihu, Sabo ya jawo rago fari mai ƙaho, ragon suna na farko da garin ya gani tun bara. Har gida Sabo ya je ya ce, "Nababa, jibi da safe. A wasa wuƙa."

Da la'asar ɗin ranar Tasi'u ya kunna fim ɗin a 'yar talabijin ɗinsa mai aiki da hasken rana, a rumfarsa da ke gindin kuka. Mai hankali da ya zauna a gida. Amma Nababa ya sa hularsa ya tafi, ya samu benci na gaba ya zauna, domin babu mai aikin da ba ya son jin abin da ake faɗa a kan aikinsa.

To, mutanen Rijiyar Ɗinya ba sa kallo da baki a rufe. Tun kafin a kashe mutum na farko suka fara yanke wa fim ɗin hukunci. Wani ya ce yarinyar nan ba ta da wayo, ga ƙofa a buɗe ta nufi lungu. Wani ya ce ai gara ta nufi lungun, don gudun nata ko kaza ba za ta tsere wa ba. Da jini ya tsirto, Tasi'u ya ce wannan zoɓon har citta an sa masa, yana jin ƙamshin daga nan. Gawa ta biyu ta kori ƙuda daga hancinta, rumfa ta kaure da dariya. Can gaba aka sake kashe wannan gawar, ta canja hula kawai, aka yi mata barka da dawowa.

Mati, tsohon da ya fi kowa shekaru a wurin, shi abin da ya ɓata masa rai daban ne. Ya ce, "Ku dubi buhun nan. Buhu sabo fil, ko faci babu, suka huda shi har wuri biyu. A wannan zamani. Waɗannan ba su san zafin nema ba."

Nababa yana dariya tare da su, har da buga cinya. Sai dai wani abu ya ɗan sosa masa rai: babu wanda ya tsorata. Shi da ya sha zafi a cikin buhu har gumi na shiga masa ido, ga shi ana kallonsa kamar wasan 'yan kama.

Sabo ne ya fara lura. Ya san Dawanau kamar tafin hannunsa. Ya ce, "Tasi'u, ɗan mayar baya. Kun ga tabarmar sallar maigadi can da buta? To ku duba inda yake juya su." Aka mayar. Mai Buhu ya cafko wani saurayi, maimakon ya soke shi nan take yadda makasan fim suke yi, sai ya kwantar da shi ta gefen hagu, ya gyara shi a hankali har fuskarsa ta kalli inda tabarmar ta kalla. Aka duba na baya, haka. Aka duba na gaba, haka.

"Gabas yake juya su," in ji Sabo.

Aka yi ta mamaki ana dariya. Wani ya ce wannan makashi ya yi makarantar allo. Wani ya nuna yadda yake ɓoye wuƙar a bayansa kada wanda za a yanka ya gan ta, da yadda yake ɗan tona ƙasa da diddige a daidai wuya don jini ya samu wurin taruwa. Nababa bai san ya yi duk wannan ba. Abin da ya tuna kawai shi ne mai kyamarar yana ta yi masa tsawa ya yi sauri batir zai mutu. Hannu ne ya yi abin da ya saba, shi yana cikin buhu bai sani ba.

Sai aka zo kan na ƙarshe, wani siririn yaro mai manyan kunnuwa. Mai Buhu ya kwantar da shi, ya juya shi gabas, ya ɗora gwiwa. Sannan ya sa yatsu biyu ya kama kunnen yaron, ya ja shi zai lanƙwasa ya rufe masa ido. Kunnen mutum kuwa ba ya kaiwa. Ya ja, ya sake ja, yaron ya manta yana mutuwa ya ce, "Wayyo, kunnena, Baba."

Aka fashe da dariya, har da masu faɗowa daga benci. Tasi'u ya yi ta mayarwa, kowane karo dariyar ta fi ta baya. Amma Nababa shi dariyar ta tsaya masa. Juya dabba gabas kowa yana yi. Lanƙwasa kunnen rago a rufe masa ido kada ya ga wuƙa, wannan na gidansu ne. Ubansa ya koya masa tun yana yaro mai riƙe masa ƙafar rago, kuma duk faɗin ƙauyukan nan bai san wani mai yi ba.

Mati ya tsuke ido, ya ce, "A ina na san wannan?" Ya sosa gemu, abin ya ƙi faɗo masa.

Tasi'u ya juyo. "Baba Nababa, kai ne gwanin wuƙa. Yaya ka ga aikinsa?"

Nan ya kamata ya ce shirme ne ya tashi. Amma aikinsa ne ake tambaya. Ya gyara zama ya ce, "Riƙonsa ba laifi. Wuƙar ce ba ta kirki ba."

Sabo bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ni dai fim ɗin bai burge ni ba. Mutum ya ɗauki ladabin yanka ya kai shi wurin wasa da jinin mutane, ko da na zoɓo ne. Ko wane ne, ban san yadda zan ci naman hannunsa ba." Bai kalli kowa ba da ya faɗa. Ya yi sallama ya tafi duba ragonsa.

Nababa ya koma gida kafin magariba yana lallashin kansa. Buhu buhu ne, ba a ga fuska ba, ba a ji murya ba, kuma duniya da faɗi. Ya tarar da matarsa Hure tana tankaɗe a tsakar gida. Ashe fim ɗin ya riga shi shiga gidaje ta wayoyin matasa.

Ta ce, "Mun kalli Mai Buhu a gidan su Barira. Mata sun ce ba su taɓa ganin makashi mai tausayi irinsa ba. Safara'u ma cewa ta yi in dai mutuwa dole ce, gara a hannunsa."

"Shirmen yara ne," in ji shi.

"Haka ne. Sai dai da ya tona ƙasa da diddige, na ga kaushin da nake shafa wa man kaɗanya." Ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta ɗago ba. "Hatsin da ka kawo na ci, yaranka sun ci, ba ni da abin cewa sai godiya. Amma jibi kada ka taɓa kunnen ragon nan, Malam. Mutane zato suke yi. Kada ka ba su tabbas da hannunka."

Ya ga gaskiyarta. Abu mai sauƙi ne ma. Zai kwantar, ya juya gabas kamar kowane Musulmi, ya yanka, ya bar kunne inda Allah Ya ajiye shi. Washegari ya wuni yana wasa wuƙa yana nanata wa hannunsa wannan magana, har ya gamsu cewa hannun ya ji.

Ranar suna ƙofar gidan Sabo ta cika tun hantsi bai ɗaga ba. Wasu addu'a ta kawo su, wasu ƙamshin naman da aka daɗe ba a ji ba, wasu kuwa, Nababa ya lura, sun zaɓi tsayawa inda za su ga hannunsa sosai. Mati har kujera ya sa aka kawo masa. Malam Khalilu ya raɗa wa yaro suna Abdulƙadir, aka shafa fatiha, ya ja da baya kamar kullum ya ce, "Nababa, bismillah."

Aka kayar da ragon, aka riƙe ƙafafu. Nababa ya gyara shi gabas, ya bar diddigensa a wuri ɗaya ya sa aka tona ramin da fartanya. Ya durƙusa, wuƙa a bayansa. Komai yana tafiya yadda ya tsara.

Sai ragon ya juyo da ido ya kalle shi. Ido ne babba, rawaya, yana rawa, yana neman abin da ke bayan mutumin nan da ya danne shi. Da zarar wuƙar ta fito zai gan ta. Nababa ya yanka dabbobin da ba zai iya tunawa ba, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya bari ta ga ƙarfe. Ya ji tausayin ragon, ya kuma ji haushin kansa, ƙaton mutum da gemu zai tsorata dabba don ya ɓoye abin da ya yi domin yaransa su ci tuwo. A wannan karon ba hannu ne ya riga shi ba. Yana sane, da idonsa biyu, a gaban Sabo da liman da duk garin, ya sa yatsu biyu ya kama kunnen, ya lanƙwasa shi a hankali ya rufe idon. Kunnen ya kai daidai. Ragon ya lafa.

Kowa ya gani. Can baya wani ya fara dariya, wani ya zungure shi ya haɗiye ta. Mati ya ce, "Yawwa, na tuna," a hankali, kamar mai magana da kansa.

Nababa bai fito da wuƙar ba. Rago na mai shi ne, don haka ya ɗaga kai ya kalli Sabo, yatsunsa na kan kunnen, yana jira. Idan za a karɓi wuƙar, a karɓa yanzu a gaban kowa.

Sabo ya daɗe yana kallon hannun. Ya kalli ragonsa da ya daina shure-shure, ya kalli liman. Malam Khalilu carbinsa kawai yake ja.

Sai Sabo ya tattare rigarsa ya durƙusa a gefen Nababa, ya ɗora yatsunsa a kan kunnen. Ya ce, "Saki, zan riƙe masa. Kai ka yanka."